Gilbert, Rakenka Ya Ƙosa

Ranar Alhamis, takwas ga watan Mayu na shekarar 2025, da misalin ƙarfe goma na safe, Ubangiji ya kira ɗana Gilbert Simeon gida. Ya rasu a wani ƙaramin asibitin mishan a ƙasar Malawi, bayan kwana huɗu yana fama da zazzaɓin cizon sauro wanda ya hau masa kai. Shekarunsa ashirin da tara, uku da 'yan watanni daga ciki a can ya yi su yana aikin bishara. Ina tsakar gida a Gazara ina tsince irin masara sai ga fastonmu da dattawa biyu. Da na ga sun cire huluna tun daga bakin ƙofa, na ce su zauna, na riga na gane. An binne shi a can, bayan majami'ar da ya yi wa hidima, kamar yadda shi da kansa ya rubuta kafin ya tafi.

Matan zumunta ne suka ce in rubuta wani abu da za a karanta ranar sujadar tunawa da shi. Na yarda, saboda mako bakwai ke nan masu zuwa gaisuwa suna zaton za su same ni kwance, sai su tarar ina ɗinka jaka ina waƙa. Na san ana magana. Gara in yi bayani sau ɗaya kowa ya ji, a bar ƙus-ƙus a bayan coci, wanda dama bai dace da masu bi ba.

Gilbert. Ka ga na rubuta shi. Kai ne ɗan fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ko da muka karɓi Almasihu ba mu bar wannan kunyar ba. Shekara ashirin da tara ina ce maka Sarkin Surutu, kana amsawa. Ban kuwa yi maka ƙazafi ba. Kana ɗan shekara shida in na tafi da kai kasuwar Makarfi, sai mun yi la'asar, domin sai ka tambayi mai tumatir lafiyar jakinsa, ka tambayi mahauci sunan wuƙarsa. Na sha ja maka kunne a kan cewa yaro mai tarbiyya yana jira a tambaye shi. Ka girma, ka yi makarantar tauhidi, bakin nan bai ragu ba, sai dai ya sami aikin yi.

Da ƙungiyar masu bishara ta ikilisiyarmu ta ce za ta tura ka Malawi, sai da ƙanwarka Lucia ta nemo mini ƙasar a taswira. Na ce maka abu uku a tashar mota: kada ka ci bashi, kada ka shiga ɗakin mace kai kaɗai ko addu'a za ka yi mata, kuma ka tuna wa'azi aka aike ka. Ka ce, "Mama, na huɗun fa? Ba za ki ce za ki yi kewata ba?" Na ce ka shiga mota ana jiranka.

Daga ranar da ka sauka wayata ba ta ƙara hutawa ba. Kullum saƙon murya, na minti goma, na minti goma sha biyar. Ina faɗa cewa kana cinye mini caji, amma ban taɓa barin ɗaya ban saurara ba, wasu ma sau biyu, in babanka ya tafi gona. A makon farko ka aiko da rai a ɓace, wai ka zo ƙasar maroƙa: yara, tsofaffi, har dattawan coci, kowa ya gan ka sai ya ce "moni, moni". Kai da kunnenka na ɗan Najeriya ka ji kalmar kuɗi ta Turanci, kana ta juya musu aljihu kana cewa babu. Ni kuma na zauna na yi maka wa'azi mai tsawo a kan illar roƙo, na ce ka fara da wannan a bagade ran Lahadi. Allah ya rufa asiri ba ka yi ba. Kwana tara ka yi kafin wani ya gaya maka cewa gaisuwa ce, sannunsu ke nan. Dariyar da ka yi a saƙon ranar har yanzu tana cikin wayar. Ka ce, "Mama, gari guda yana gaishe ni, ni kuma ina nuna musu aljihu." Daga baya ka ce wannan ne darasinka na farko a aikin mishan, cewa baƙo ya fi saurin jin zagi fiye da jin gaisuwa. Na ce in dai ka koyi rufe baki ka buɗe kunne, to tafiyar ta biya.

Ta bakinka na san ƙauyen nan kamar na taɓa kwana a ciki. Na san tuwonsu na farar masara ne, da ƙananan kifi busassu daga tafki, ba daddawa, ba yaji, har ka ce in an ba ka zaɓi tsakanin sabon keke da gwangwanin yajin Mama sai ka yi addu'a kafin ka amsa. Na san damina tasu tana zuwa lokacin da mu muke rani, ka yi Kirsimeti cikin ruwan sama da taɓo har gwiwa, kana tura keke zuwa ƙauye na uku inda kake jagorantar sujada. Na san ka yi shekara guda kana magana kamar jariri, yara suna gyara maka harshe suna faɗuwa da dariya. Ka ce ka tafi da takardar shaida a jaka kana jin kai malami ne, sai Ubangiji ya mayar da kai ɗan aji ɗaya, kuma ba ka taɓa jin daɗin zama ɗalibi kamar haka ba. Na san ranakun da kewar gida ta kama ka, domin a ranakun ne kake tambayar lafiyar awaki ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ka yi jinyar wani tsoho da 'ya'yansa suka bari, wata biyu kana kai masa kunu. Ka ba da takalminka na zuwa coci ga wani ango, ka yi wa'azi da silifas. A kan wannan na yi maka faɗa, kuma har yau ina ganin mai wa'azi ya kamata ya fito da kamala. Amma an ce angon yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinka.

Sai maganar rake ta shigo, mu kuma muka shiga rigima.

Ka ga suna shuka rake a fadama, irin namu, amma sha kawai suke yi, abin da ya rage su kai bakin titi a saya a wulaƙance, ko ya bushe. Sukari kuwa sai mai hali. Kai ɗan ƙasar Makarfi, wanda ya tashi yana jin ƙanshin mazarƙwaila daga kowace fadama in rani ya yi, abin ya hana ka sakat. Ka bugo ka ce in koya maka dafawa. Na ce a'a.

Yanzu zan faɗi dalili, don 'yan'uwanka ma ba su san shi duka ba. Mahaifina, Baba Sada, mai injin rake ne a wajen Kudan, irin wanda doki ke zagayawa. Tun ina 'yar shekara takwas nake bakin kasko. Injin nan ya cinye wa yayana yatsu uku ina kallo. Tabon da ke hannuna na hagu, wanda nake ce muku na girki ne, ruwan rake ne mai tafasa. Da wannan sana'ar aka kai ni sakandare, ban raina ta ba, amma ranar da na gama na yi alkawari a raina cewa ɗan da na haifa ba zai tsaya a wannan hayaƙin ba. Ga shi na kai ka har makarantar tauhidi, ka haye jirgin sama, sai ka waiwayo kana tambayata kasko. Na ce maka rayuka aka aike ka nema, ba alewa ba.

Ba ka ji ba. Ka bi ta bayan gida ka sami maƙwabcinmu Malam Ɗayyabu, wanda har yanzu yake da inji, ya ɗauki hoton kowane ƙarfe ya tura maka, wani mai walda a can ya haɗa. Doki babu, sai ku kama sandar ku huɗu kuna zagayawa. Ka aiko mini da hoto kana gaba, zufa har ƙugu, ka rubuta a ƙasa wai "ga dokin Mama". Na ce ashe kuɗin makarantar da muka sayar da shanu muka biya na kiwon doki ne. Ka ce ai Ubangijinmu ma ya daɗe yana sassaƙa kafin ya hau dutse ya yi wa'azi, kuma ba a taɓa jin an mayar masa da kujera don ta karkace ba. Kwana biyu ban ɗauki wayarka ba, don ba a koya wa uwa Maganar Allah da wasa.

Matse rake ba wuya. Wuyar tana wajen saukewa. In ka sauke da wuri, ba zai daskare ba, sai ya tsaya kamar zuma ya yi tsami. In ka makara kaɗan, ya ƙone ya yi ɗaci, ko akuya ba ta so. Malam Ɗayyabu ya gaya maka a ɗiga a ruwan sanyi a gani, ka yi ta ɗigawa, kafin ka gama dubawa kasko ya wuce. Shekara guda da rabi kana ɓata rake kana ba ni labari da dariya, ni kuma ina cewa alama ce Allah yake nuna maka. Na san abin da ya rage maka. Na riƙe shi da gangan.

A watan Agusta na bara sai ga saƙo daga gare ka na daƙiƙa shida. Kai da ba ka iya gaisuwa a ƙasa da minti uku ba. Ka ce, "Mama, ya sake ƙonewa. Raken Nabanda ne, shi ke nan gare ta." Nabanda gwauruwa ce a cocinka mai riƙon jikoki biyar, wadda take wanke maka kaya ba ka sa ta ba. Na saurari saƙon nan ina tsaye, na zauna na sake saurara. Washegari da safe na kira ka na ce ka hura wuta, in ya fara kauri ka kira ni.

Baba Sada bai taɓa duba kasko da ido ba, da kunne yake saukewa, haka ya koya mini. Ruwan rake in ya fara tafasa ƙararsa sama-sama take, kamar yayyafi a kan kwano. In ya yi nisa sai ta koma ƙasa, ta yi nauyi, kumfa tana fashewa ɗaya-ɗaya kamar tuwo ya kusa tuƙi. Tsakanin wannan da ƙonewa akwai wani ɗan lokaci da kaskon yake yin kamar ya ja numfashi. Nan ake saukewa. Ba a iya faɗarsa da baki, sai dai a ji.

Na hau kan surin da ke bayan majami'a, inda waya ta fi kamawa, da rana tsaka, matan da ke dawowa daga rijiya suna kallona. Ka miƙa wayarka bisa kasko. Ina jin rake yana tafasa a wata ƙasa, ni ina Gazara. Amma kai sai bayani kake yi, wai ga Nabanda tana gaishe ni, ga hayaƙi ya shiga idon wane.

Na ce, "Sarkin Surutu, kaskon nake son ji, ba kai ba."

Ka ce, "To Mama, na yi shiru. Kin ji na yi shiru ko?"

Na farko ya ƙone, saboda kai. Na biyu ya ƙone, saboda maganata tana isa wurinku a makare, abin da ban sani ba sai da Lucia ta gane ta gaya mini. A na uku na sa ka cusa ɓawon rake a baki ka cije, na kuma yi niyyar yin magana tun kafin numfashin ya zo. Na rufe ido. Da na ji ya kusa na ce a sauke. Kuka zuba a kwanoni, muka jira. Can sai na ji guɗa ta tashi, irin tasu, da ganga, da kuka, da muryarka a sama da ta kowa kana cewa ya kama, ya yi tauri, ka kife kwano ya faɗo guda. Ni ma ban san lokacin da na sauko daga surin nan da rawa ba. Matar fasto ta gani, kuma na roƙe ta ta riƙe bakinta, ta riƙe har yau.

Ka aiko mini da guda ɗaya ta hannun wani fasto da ya dawo hutu, an naɗe shi da takarda bakwai. Na gutsura, ka kira kana jira. Na ce ya ɗan yi duhu, kuma ba ku kwashe kumfa da kyau ba. Gaskiya ne, ba ku kwashe ba. Amma akwai sauran gaskiyar da na riƙe: tun rasuwar Baba Sada ban sa mazarƙwaila mai daɗin wannan a bakina ba. Na ɗauka akwai lokaci, na ɗauka yabo yana lalata yaro. Iyaye mata, ku ji da kyau: ku yi horo, ban janye ko ɗaya daga cikin faɗan da na yi ba, amma in abu ya yi kyau ku faɗa ranar da ya yi.

Sau shida muka sauke tare kafin raken bara ya ƙare. Kunnenka ya fara kamawa, amma bai nuna ba. Da murnar wannan ka bi gida-gida, gidaje ashirin da uku suka ware rabin fadamarsu, inda da suke shuka masarar rani da ganye, suka sa rake a kan maganarka. Ka ce musu bana za a dafa, za a kai kasuwa, kuma uwarka tana nan a waya. Cikinsu akwai masu bi, akwai Musulmi, akwai waɗanda ba su taɓa taka ƙofar coci ba amma suka ce mutumin nan ba ya ƙarya. Sai ka kwanta a watan Mayu, rake yana tsaye.

Mako biyu bayan jana'iza dattijon cocinka na can ya kira ni, da ɗan Turancinsa da ɗan nawa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce Nabanda ce take share kabarin. Sa'an nan ya ce ba su san ko ya dace su tambaya ba, amma rake zai ƙosa a watan Agusta. Muka gwada ta waya da ɗan abin da suka yanka. Bai yiwu ba. Wayarsu tana yankewa, ba mai fassara da sauri, kuma ko da ta yi, raken gida ashirin da uku ba abin da za a sauke daga kan suri ba ne. In ba a dafa ba, sun yi asarar masara sun yi asarar rake, yunwa za ta shiga gidajen da suka gaskata ka. Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan: mutumin da ya ce musu rake zai zama abinci, shi ne ya ce musu matattu za su tashi. In maganar farko ta zama ƙarya a idonsu, da wane baki wani zai zo ya maimaita ta biyu? Kuma da na ba ka abin nan tun ranar da ka fara tambaya, da yanzu akwai kunnuwa goma a ƙauyen nan da suka iya. Laifin jinkirin nawa ne, ba naka ba.

Na gaya wa babanka a gona. Ya ajiye fartanya, ya ce, "Matta, ke da ko Abuja ba ki taɓa zuwa ba." Na ce ai ba Abuja za ni ba. Ya yi dariyarsa ta farko tun rasuwar, ya ce in tafi, shi da ƙannenka Lucia da Anita za su riƙe gida. Malam Ɗayyabu da ya ji, sai ga shi da ludayin kwashe kumfa sabo, da muciya biyu da ya sa aka sassaƙa. Ya ce, "Maman Lucia, yaron nan namu ne duka. In kin je ki ce musu Makarfi tana gaisuwa, kuma kada su saka ɗanyen itace." Allah ya sāka masa, ya yi mana zaman makoki kwana uku kamar ɗan'uwa na jini.

To ga abin da ya sa kuke ganina haka. Fasfo ya fito makon jiya. Ikilisiya ta ɗauki nauyin tafiyar, zan tashi ranar ashirin da takwas ga Yuli tare da mai bisharar da zai gaje ka. Ni Matta, mai shekara hamsin da huɗu, zan hau jirgin sama da muciya a jaka. Anita tana koya mini gaisuwarsu daga cikin saƙonninka, ina maimaitawa ina wanke-wanke. Zan ga tafkin nan, zan ga kekenka, zan ga injin da ka zama dokinsa, zan rungumi Nabanda. Zan tsaya a kan kabarinka, kuma a nan ne zan yi kukan da kuke ta jira, ba a gaban masu ƙirga hawayen mutane ba. Ina ɗoki kamar yarinyar da za a kai makarantar kwana, ba na kuwa jin kunyar faɗa, domin na san inda ɗana yake, na kuma san aikin da ya bar mini.

Matasan ikilisiya, kada wanda ya ce mutuwar Gilbert ta sa ya ji tsoron fita. Sauro yana nan Gazara ma. Ku tafi in an kira ku, ku kwana cikin gidan sauro, ku sha magani tun zazzaɓi yana ƙarami, abin da shi bai yi ba, kuma da yana nan da ya ji daga bakina. Ku koyi sana'ar iyayenku kafin ku raina ta.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidana Simeon, wanda ya rasa abokin hira. Ga Lucia da Anita, waɗanda suka rasa yaya mai tsokana. Ga dangi na Kudan da Malikanchi da Ikara. Ga ikilisiyarmu da ƙungiyar masu bishara. Ga maƙwabtanmu Musulmi da suka cika mana gida. Da kuma Nabanda da mutanen ƙauyen da suka wanke shi, suka ɗauke shi, suka rufe shi da hannuwansu alhali uwarsa tana nesa. Ubangiji ya ta'azantar da mu duka. Ya yi wa bawansa jinƙai, ya gafarta masa kurakuransa, ya karɓe shi cikin hutunsa har ranar tashin matattu. Ni ma ya gafarta mini taurin kaina, ya ba ni lafiya da kunne mai ji, ya kai ni ya dawo da ni, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Kai kuma, ɗana, ka huta. Na gaya wa babanka kada ya sa ranar dawowata. Ba zan baro ƙauyen nan ba sai na zauna gefe, bakina a rufe, na ga mutum uku sun sauke kasko da kunnensu. Abin da ka faɗa wa mutanen nan zai tabbata.

Mahaifiyarka,
Matta Simeon
Gazara, ƙaramar hukumar Makarfi